Shin ana iya tayar da ɗan haya saboda laifin ɗansa?

Idan aka kama matashi da miyagun ƙwayoyi a gidan haya, tambayoyi biyu ne kan biyo baya: shin iyayensa na da laifi, kuma shin mai gida na da ikon fitar da iyalin baki ɗaya?

Batun ba ƙarami ba ne a jihar Kano. Wani bincike da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa, wanda aka wallafa a shekarar 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi. A Kano adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari.

Laifin wane ne?

A dokokin Najeriya, kamar yadda yake a shari'ar Musulunci, laifi na kan wanda ya aikata shi ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun haramta kama wani a madadin wanda ake zargi, ko da mahaifinsa ne.

Sai dai dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekaru 25 ga mazaunin gida, ko mai kula da shi, da ya bari ana ajiye ƙwayoyi irin su hodar iblis ko ana cinikinsu a ciki. Ke nan uban da ya sani ya kau da kai zai amsa nasa laifin ne, ba na ɗansa ba. Tsoron wannan sashe na iya sa mai gida gaggawar sallamar ɗan haya.

Hanyar da doka ta shimfiɗa

Mai gida ba shi da hurumin watsar da kayan ɗan haya ko sauya makulli. A galibin dokokin haya na ƙasar, mai biyan kuɗin wata-wata na da haƙƙin a ba shi notis na wata guda, mai biyan na shekara kuwa watanni shida, sai fa idan yarjejeniyarsu ta faɗi wani abu dabam. Daga nan sai notis na kwanaki bakwai, sannan a tafi kotu.

A garuruwa irin su Ruwan Bago da ke ƙaramar hukumar Rogo, akan fara kai irin wannan ƙorafi ne gaban mai unguwa ko dagaci. Sulhunsu kan kashe wutar rikici, amma idan ɗan haya ya ƙi tashi, alƙali ne kaɗai ke da ikon fitar da shi.

Yadda abin yake a Amurka

A can dokar gidajen gwamnati ta fi tsanani. A watan Maris na 2002, kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa ana iya korar ɗan haya saboda laifin ƙwaya na wani daga cikin iyalinsa, ko da bai san da shi ba. Shari'ar ta shafi wasu dattawa huɗu ne a birnin Oakland, biyu daga cikinsu an kama jikokinsu ne suna shan tabar wiwi a wurin ajiye motoci.

Masu goyon bayan hukuncin na cewa yana kare maƙwabta. Masu sukarsa kuwa na ganin yana raba tsofaffi da ƙananan yara da muhallinsu a kan abin da ba su aikata ba.