System Restore

System Restore wani kayan aiki ne da ke cikin babbar manhajar Windows ta kamfanin Microsoft, wanda ke mayar da kwamfuta yadda take kafin ta samu matsala. Ya fara fitowa a Windows Me a shekarar 2000, kuma yana nan har a Windows 11.

Yadda yake aiki

Windows kan ajiye kwafin muhimman fayilolinta, da rajistarta, da manhajojin da ke tafiyar da na'urori irin su firinta. Ana yin wannan ajiya kafin a sabunta Windows ko a saka wasu manhajoji, mai kwamfuta ma yana iya yin ta da kansa. Idan kwamfuta ta fara daskarewa bayan an saka sabuwar manhaja, sai a rubuta rstrui a akwatin Run, a zaɓi ajiyar da ta gabaci matsalar.

Iyakarsa

Ba ya taɓa takardu da hotunan mai kwamfuta, haka kuma ba ya dawo da waɗanda aka goge. Manhajojin da aka saka bayan ranar ajiyar kuwa za su fita. Ajiyar tana zaune ne a faifan kwamfutar, don haka idan faifan ya lalace, ta tafi tare da shi. Shi ya sa ake son a riƙa kwafe muhimman takardu a filashi ko wani faifai daban. A kwamfutoci da yawa masu Windows 10 yakan zo a kashe, sai an kunna shi kafin ya fara ajiya.