Ɗakin Wankin Ƙoda na Al-Ahsa: Tarihin Cutar MERS a 2013

 Tarihinmu na yau daga Saudiyya ya fito, kuma a kan marasa lafiyar da ba su da damar gudun asibiti yake.

A watan Yunin 2012 wani mutum ɗan shekara 60 ya rasu a wani asibiti a Jidda, bayan huhunsa da ƙodarsa sun gaza. Likita Ali Mohamed Zaki, ɗan ƙasar Masar, ya gano baƙuwar ƙwayar cuta a majinarsa, masana a Rotterdam ta ƙasar Holan suka tabbatar sabuwa ce daga dangin korona. A 2013 aka raɗa wa cutar suna MERS, wato cutar numfashi ta Gabas ta Tsakiya. Daga baya bincike ya nuna daga raƙuma take tsallakowa zuwa jikin mutum.

Da farko ɗaiɗaiku ake samu. Sai a Afrilu da Mayun 2013 ta ɓarke a Al-Ahsa, gabashin Saudiyya. An tabbatar mutum 23 sun kamu, 15 suka rasu. Cikin 23 ɗin nan, 21 a asibiti suka ɗauka daga wani mara lafiya, tara kuwa masu wankin ƙoda ne a sashe ɗaya na asibiti ɗaya. Rahoton da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a shekarar ya nuna wani abin lura: cikin ma'aikatan lafiya sama da 200 da suka yi hulɗa da majinyatan, biyu kawai aka tabbatar sun kamu.

Me ya sa ta fi yi wa masu wankin ƙoda ɓarna? Wanda ƙodarsa ta daina aiki, inji ne ke tace masa jini, galibi sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu. Ba shi kaɗai yake zama ba. Gadaje a jere suke a ɗaki guda, fuskokin da ya gani ranar Litinin su zai sake gani Laraba da Juma'a. Idan ɗaya ya yi tari, iskar ta kowa ce. Ga garkuwar jikinsu mai rauni, ga ciwon suga da hawan jini da yawancinsu ke fama da su. Sannan sarƙewar numfashi abu ne da suka saba da shi idan ruwa ya taru a jiki, don haka sabuwar cuta kan ɓuya a bayan tsohuwa.

Babbar matsalar ita ce, kowa za a iya ce masa ya zauna a gida ban da su. Fashin wanki na 'yan kwanaki kan tara guba da ruwa a jini har zuciya ta tsaya.

Babu magani ko rigakafi a lokacin, tsari ne ya kashe wutar. Aka sa wa duk mai wanki takunkumin fuska, aka ware masu zazzaɓi, aka hana wanda ake zargi shiga ɗakin, aka tsananta wanke hannu da goge kayan aiki, aka dakatar da masu dubiya. Kafin Mayu ya ƙare ɓarkewar ta lafa.

Da korona ta zo a 2020, ɗakunan wankin ƙoda a ƙasashe da dama sun sake shiga wannan hali. A Ingila an lura masu yin wanki a gida ba su kamu kamar masu zuwa asibiti ba. Matakan da aka koma gare su kuwa irin na Al-Ahsa ne: a duba zafin jiki tun daga ƙofa, a raba gadaje, a ware wa masu cutar lokacinsu daban.

Saboda haka idan kana da mai wankin ƙoda a gida, ka san murarka ba ƙarama ba ce a wurinsa. Ranar da kake tari, ka yi dubiyarka ta waya.

Sai mako mai zuwa.