Yadda Ikilisiyar Numan Ta Shiga Tarayyar Duniya

Mai karatu, idan ka taɓa shiga adashi ko ƙungiyar manoma, ka san ba a shiga haka kawai. Sai an san ko kai wane ne, sai ka yarda da dokar ƙungiya, sai kuma mambobi sun amince. Haka ikilisiyoyin Kirista suke yi idan za su haɗa kai da 'yan'uwansu na wasu ƙasashe.

A nan Damagaram, 'yan mishan na SIM sun sauka a Zinder a shekarar 1924. Ikilisiyar da ta fito daga aikinsu ba ta ɗarikar Lutheran ba ce. Don haka idan muna son ganin yadda 'yan Lutheran suke shiga tarayya, sai mu tsallaka iyaka mu nufi Numan, a ƙasar Adamawa ta Nijeriya, inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai. Mutanen ikilisiyar can suna yin sujada da Hausa, harshen da kake karantawa yanzu.

Da farko, su wane ne 'yan Lutheran? Sunan ya samo asali daga wani malamin Jamus, Martin Luther, wanda ya saɓa da shugabannin Katolika a 1517. A 1529 ya rubuta ƙaramin littafin tambaya da amsa don koyar da yara da manya. A 1530 mabiyansa suka rubuta abin da suka gaskata, suka karanta shi a gaban sarki a garin Augsburg. Har yau waɗannan rubuce-rubuce biyu, bayan Littafi Mai Tsarki, su ne ma'aunin ɗarikar.

A 1913 wani likita daga ƙasar Danmak, Niels Bronnum, ya iso Numan cikin Bachama. Yana ba da magani, yana koyar da karatu, yana wa'azi. Shekaru da yawa Turawa ne ke riƙe da komai. Sai a 1948 aka naɗa fastoci na farko 'yan ƙasa. A 1956 ikilisiyar ta sami cin gashin kanta. A 1960 aka zaɓi Akila Todi ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta.

A can Turai kuwa, bayan yaƙin duniya na biyu, 'yan Lutheran sun taru a garin Lund na ƙasar Suwidin a 1947. Suka kafa Tarayyar Lutheran ta Duniya, mai ofishi a Janeba. Yaƙi ya rusa garuruwa, ya bar mutane babu gida babu abinci. Suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, yaya ikilisiya take shiga? Ga matakan. Na ɗaya, dole ta kasance mai mulkin kanta, ba reshen mishan ba, kuma hukumar ƙasarta ta san da zamanta. Na biyu, ta aika da takarda tana cewa ta yarda da tushen koyarwar tarayya, wato Littafi Mai Tsarki da waɗancan rubuce-rubuce na 1529 da 1530. Na uku, ta yarda da tsarin mulkin tarayyar. Na huɗu, babban taro ko majalisar da ke aiki tsakanin taro da taro ta duba, ta yanke shawara.

Ka ga dalilin da ya sa Numan ta jira. Yaron da ke cin tuwo a gidan ubansa ba ya zama a fadar masu gida. Sai da ta tsaya da ƙafafunta, sannan aka karɓe ta a 1961.

Me ta samu? Ta sami hanyar aika ɗalibanta karatu waje, da taimako a lokacin wahala. Tarayyar ta kuma buɗe gidan rediyo a Addis Ababa a 1963, kuma a Jos ake shirya shirye-shiryensa na Hausa da sunan Muryar Bishara. Gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace gidan a 1977.

Amma kada ka ɗauka shiga tarayya cin riba ne kawai. Akwai nauyi. A taron Budapest na 1984, mambobi suka amince cewa kowannensu zai karɓi ɗan'uwansa a wurin wa'azi da wurin jibin Ubangiji. A wannan taron ne aka dakatar da ikilisiyoyi biyu na farar fata, ɗaya a Afirka ta Kudu, ɗaya a Namibiya, saboda ba su rabu da wariyar launin fata ba. Wanda ya sa hannu a doka, doka za ta hau kansa.

Ka kuma sani ba tarayya ɗaya ce kaɗai ba. A 1993 waɗansu 'yan Lutheran masu tsananta riƙon tsohuwar koyarwa sun kafa tasu majalisar daban. Kowace ikilisiya takan duba inda koyarwarta ta dace kafin ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Ƙarshen labarin Numan abin lura ne. A 2017, a birnin Windhoek na Namibiya, aka zaɓi shugabanta, Musa Panti Filibus, ya zama shugaban tarayyar duniya baki ɗaya. Ya riƙe muƙamin har 2023, lokacin da ya miƙa wa wani bishop, Henrik Stubkjaer. Daga ina wannan bishop ya fito? Daga Danmak, ƙasar likitan nan da ya sauka a Numan shekara 110 kafin nan.

Mai karatu, ko kai Musulmi ne ko Kirista, in aka kira ka shiga wata ƙungiya, ka fara tambaya: me aka rubuta a dokarta, kuma zan iya cika ta? Yanzu da ka iya karatu, kai da kanka za ka duba kafin ka sa hannu.