Haɗarin da Ido Ba Ya Gani: Nazari Kan Kare Ma'aikata Daga Tururin Radiyeshan a Arewacin Kamaru

Manomin shinkafa a Maga ya san ambaliya tun daga launin ruwa, maƙeri kuma ya san wuta da zafinta. Radiyeshan ba ya ba da irin wannan gargaɗi. Ba shi da wari, ba shi da launi, fata ba ta jin shigarsa, amma yana ratsa jiki ya taɓa ƙwayoyin halitta, cutar kansa ta biyo baya bayan shekaru. Wannan nazari ya dubi inda ma'aikacin arewacin Kamaru ke haɗuwa da shi, da wanda tsarin kariya ya fi mantawa da shi.

Inda haɗarin yake

Wuri na farko shi ne ɗakin ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi a asibitocin Garwa da Marwa da Yagwa. Majinyaci sau ɗaya zai tsaya gaban injin ya tafi, mai ɗaukar hoton kuwa nan yake kullum. Na biyu shi ne aikin hanya da madatsa. Madatsar Maga, wadda aka gina a 1979 domin gonakin shinkafar kamfanin SEMRY, ta ƙasa ce da aka daddaɓe, kuma a irin wannan aiki injiniyoyi kan auna taurin ƙasa da danshinta da wata na'ura mai ɗauke da sinadarin sesiyom-137. A ido akwati ce kawai mai hannu, lebura zai iya zama a kanta ya ci abinci. Na uku shi ne ƙasar kanta: akwai yuraniyom a Kitongo, kusa da Poli, a kudu da Garwa. Inda yuraniyom yake, iskar radon na fitowa ta taru a rami ko ɗakin da ba ya shan iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa radon a sahun gaba, bayan taba sigari, cikin abubuwan da ke haddasa kansar huhu.

Ƙa'idojin kariya

Kariya ta tsaya kan abu uku: rage lokaci, ƙara tazara, sa shamaki. Wanda ya ja baya daga mita ɗaya zuwa mita biyu ya rage abin da ke isa jikinsa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shamaki kuwa shi ne bango mai kauri da rigar darma, wadda ake ratayewa ba a ninkewa, domin ninki na tsaga darmar ciki, rigar ta koma ado kawai. Ma'aunin duniya ya ƙayyade wa ma'aikaci milisibat 20 a shekara, a matsakaicin shekara biyar, sauran jama'a kuma milisibat 1. Ana gane adadin ne ta dosimita, ɗan ƙaramin abin da ake maƙalawa a ƙirji. In ta kwana a aljihun tebur, ba abin da za ta shaida. Kamaru ta yi dokar kariya a 1995, ta kafa hukumar ANRP a 2002 domin sa ido kan wannan fanni.

Darasin Arlit da Goyaniya

A Arlit ta Nijar, inda kamfanin SOMAÏR ya fara haƙar yuraniyom a 1971, binciken ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003 ya tarar da gurɓatattun ƙarafan ma'adinai a kasuwa, irin waɗanda talaka ke saya ya yi rufi ko kayan gida. A Goyaniya ta Burazil, a 1987, masu neman tsohon ƙarfe sun ɗauko wani ɓangaren injin gashin kansa daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa. Garin sesiyom mai shuɗin ƙyalli ya zaga gidaje, mutum 4 suka mutu, aka auna fiye da 100,000.

Abin lura a nan shi ne waɗanda abin ya shafa. 'Yan gwangwan ne, da maƙera, da iyalansu, mutanen da ba wanda ya taɓa nuna musu alamar haɗarin radiyeshan mai fukafukai uku a kan ruwan ɗorawa. Likita da injiniya suna da horo da dosimita. Mai sharar ɗakin hoto, direban da ke ɗauko na'urar aunin ƙasa, da ɗan rakiyar da ake ce wa ya riƙe yaro a gaban injin, su ne a waje da lissafi.

Abin da ya kamata

Rigakafi ya fi magani, balle ga cutar da ba ta bayyana sai an makara. Ya kamata a fassara gargaɗi zuwa Fulatanci da Hausa da Musgum, a kuma faɗe shi da baki ga wanda bai yi boko ba. Kowace na'ura mai sinadari ta kasance a rajista, a kulle, da sunan mai alhakinta har ranar da aka mayar da ita. A koya wa shugabannin 'yan gwangwan alamar haɗari da inda za su kai rahoto. Idan kuma wata rana aka buɗe haƙa a Poli, a auna iska da ruwa da lafiyar ma'aikata tun kafin a sara gatarin farko, domin a sami abin kwatantawa daga baya.