Tausar Sinawa da Ƙasar da Ta Tarar a Sakkwato

A shekarar 1822 Sarkin Sin, Daoguang, ya ba da umarnin a daina koyar da aikin allura a makarantar likitocin fadarsa, don a ganinsa bai dace a tuɓe sarki a tsira masa ƙarfe ba. A daidai wannan lokaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana shekara ta biyar a kan mulki, kuma duk da yaƙin Gobirawa da Kabawa bai bar alƙalami ba. Ya yi rubutu a kan basir, da ciwon ido, da amfanin filasko. Da Bature Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da likita wanda zai zauna a garin.

Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda tausar Sinawa ta samu karɓuwa a nan ba. Garin ya daɗe da ɗaukar lafiyar jiki a matsayin ilimi, har da abin da ya shafi shimfiɗar aure. Malam Muhammadu Tukur, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya rubuta littafi guda a kan zaman miji da mata da magungunan ƙarfin maza, bai ga abin kunya a ciki ba. Haka matan Sakkwato suka yi suna da hakin maye, har amare daga wasu garuruwa ke aikowa a haɗa musu.

Asalin tausar a Sin ya haura shekara 2,000. Littafin Huangdi Neijing ne ya kafa tunanin cewa akwai wani ƙarfi mai suna "ci" da ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi, in ya toshe sai ciwo ya taso. A kan hanyoyin akwai gurabe, wasu su soka allura, wasu su danna da yatsa. A 1027 wani likitan fada, Wang Weiyi, ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ƙananan ramuka a kowane gurbi. Sai a shafe shi da kakin zuma a cika shi da ruwa, ɗalibi ya soka allura. In ruwa ya fito ya dace, in bai fito ba sai ya koma karatu. Wannan jarrabawa tana burge ni ƙwarai, domin ta nuna mutanen ba da ka suke aiki ba.

A wajen Sinawa ƙoda ce rumbun ƙarfin namiji da haihuwa. Shi ya sa guraben da ake dannawa don kuzari suka taru a mara da ƙugu: Guanyuan, yatsu huɗu ƙasa da cibiya, Mingmen a tsakiyar baya daura da cibiya, Shenshu a gefensa biyu. Akwai Zusanli a ƙasan gwiwa, da Sanyinjiao a saman idon sawu ta ciki, wanda su kansu suke hana a danna wa mai ciki. Wanzamin Sakkwato ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda shi ma ya san inda ake kafa ƙaho a ƙeya da tsakanin kafaɗu da ƙugu. Su ma Sinawan da ƙahon dabba suka fara kafin su koma ga gora da gilashi.

Bayan 1949 gwamnatin Mao ta farfaɗo da maganin gargajiya saboda ƙarancin likitoci. A 1963 ta tura tawagar likitocinta ta farko zuwa Aljeriya, Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ita a 1971, maƙwabciyarmu Nijar kuma ta fara karɓar likitocin Sin a 1976. Amma abin da ya kawo tausar cikin gidajenmu shi ne fataken da ke zuwa Guangzhou, da masu tallar kayan ƙarin lafiya, sai kuma waya. A nan ne aka samu giɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara gurabe 361 a 2008, mai talla kuwa ya haddace uku ya ce ya gama.

Gaskiyar magana, tausa tana sassauta jiki, tana rage gajiya da damuwa, kuma damuwa na cikin manyan masu kashe sha'awa. Amma bincike bai tabbatar da cewa danna wani gurbi yana warkar da raunin mazakuta ko rashin haihuwa ba. Sau da yawa raunin nan shi ne alamar farko ta ciwon suga ko hawan jini. Don haka, ɗan'uwa, in ka ga canji a jikinka ya wuce 'yan makonni, je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibiti mafi kusa a auna jininka da suga tukuna, tausa ta biyo baya.