Kete-Krachi: garin da yaƙi ya cika, ruwa ya tayar

Ɗalibai da yawa sun san sunan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, Allah Ya jiƙansa, amma in ka ce su nuna garin a taswira sai su yi shiru. To, ga hanya. Daga nan Kumasi sai Mampong, Ejura, Atebubu, Kwame Danso, har Kojokrom, inda mota ke shiga jirgin fito. Tsallaken tafkin Volta, nan garin yake, ruwa ya kusa kewaye shi. Ta gabas ma sai ka ƙetare kogin Oti a Dambai.

Asali garuruwa biyu ne. Krachi na 'yan ƙasa ne, masu tsafin Dente da ake zuwa wa daga nesa. Kete kuwa zango ne, na baƙi. Abin da ya tara mutane a wurin shi ne kogi: kwale-kwalen da suka ɗauko gishiri daga Ada sukan tarar da duwatsu a ruwa, dole a sauke kaya. Inda aka sauke kaya kuwa, fatake ba su rasa zuwa.

A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja. Hausawa da yawa suka kwashe suka koma Kete. Cikinsu daga baya har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin garin, ya karantar a can har rasuwarsa a 1934. Mu a nan muna alfahari da girman zangonmu, amma a wancan zamani mai son karatu mai zurfi ƙaramin garin nan yakan nufa.

Mulki ya yi ta sauya hannu. Jamusawa sun kafa bariki a 1894. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai Ingila ta karɓa, sannan ƙuri'ar 1956 ta haɗa yankin da ƙasar da ta zama Ghana. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya ci tsohon garin, aka gina sabo a tudu. Mutum kusan 80,000 tafkin ya tayar a faɗin yankin. Ke nan Keten da za ka gani yau ba ita ce ta Alhaji Umaru ba.

A ƙidayar 2010 gundumar Krachi ta Yamma duka ba ta kai mutum 50,000 ba. Akwai Krachawa da Nchumuru, da Konkomba manoman doya, da masunta Ewe da suka biyo tafki, da mutanen zango.

Wa ke riƙe da garin? Ƙasa ta Krachiwura ce. Sarkin zango yana duba jama'arsa, amma ba shi da filin da zai ba kowa. Kuɗin kasuwa da makaranta da magudanar ruwa kuwa suna hannun majalisar gunduma: shugaban ƙasa ke naɗa shugabanta, sai kashi biyu cikin uku na wakilai sun amince, kuma yawancin wakilan jama'a ke zaɓensu unguwa-unguwa, ba da sunan jam'iyya ba. Wannan zaɓen ne mu 'yan zango muka fi yi wa sakaci, alhali shi ya fi kusa da ƙofar gida. Da aka ƙirƙiri jihar Oti bayan ƙuri'ar 2018, Dambai aka ba hedkwata, Kete-Krachi ta tsaya a matsayin babban garin gundumarta.