Daga Dandali Zuwa Takobi: Inda Rawa Ta Tsaya a Kokowa

Kafin gadar Kenedi ta haɗa shi da birnin Yamai a 1970, Lamorde ƙauyen Fulani ne a hayin kogin Kwara. Yau jami'ar Abdu Mumuni na maƙwabtaka da shi, kuma Bafulatani da Bazabarme da Bahaushe katanga ɗaya ta raba su. Kowannensu ya gaji wasan gwada ƙarfi, kuma duk cikin wasannin nan babu wanda ake yi ba kiɗa.

A sharo, saurayi yakan tsaya ƙirji a buɗe, yana kallon madubi, yana taka rawa, bulala na sauka a haƙarƙarinsa. Rawar ita ce shaidar cewa dukan bai kai zuci ba. In ƙafa ta ɓace wa kiɗa, 'yan mata sun gane. A takai, samari kan yi da'ira, kowa da sandarsa, ya juya dama ya kara da na kusa, ya juya hagu ya tare. Wanda ya yi lattin juyawa yatsunsa za su gaya masa. Dambe kuwa na mahauta ne, kalangu kiɗansu, kuma mawaƙi Ɗan Anace bai yi suna ba sai da ya sami 'yan dambe irin su Shago da zai wasa.

Kokowa ita ce babbar yaya. Lokacinta kaka, bayan hatsi ya shiga rumbu, samarin wani gari su yi tattaki zuwa wani. Kowane ɗan kokowa da takensa. Da makaɗi ya buga shi, sai ka ga mutum ya zabura, tsuma ta kama shi, ya shiga fili yana tako, layu na kaɗawa a damtse da ƙugu, ya ɗaga hannu ya yi kirari. Masu kallon nesa sukan ɗauka ado ne. Ni a ganina horo ne: durƙusar da gwiwa, sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, karkata kafaɗa a yaudari abokin karawa, duk abin da kamun zai nema rawar ta riga ta koya wa jiki. Ko yara masu langa, da suke tsalle da ƙafa ɗaya suna ture juna, darasin da suke ɗauka ke nan.

A 1975 gwamnatin Seini Kunce a Nijar ta ɗauki kokowa daga hannun gari ta mai da ita ta ƙasa. A Tawa aka yi gasar farko, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kyautar zakara. Daga nan aka riƙa zagayawa jiha jiha, aka gina filaye masu benaye na zama, waɗanda yau suke ɗauke da sunayen mazan jiya: Kantu a Maraɗi, Salma Ɗan Rani a Doso, Langa-Langa a Damagaram. Jihohi 8 ne yanzu, kowace da 'yan kokowa 10. An samu alƙalin wasa da usur, an samu agogo, an samu kyautar kuɗi mai tsoka, rediyo da talabijin suka kai wasan har zauren da bai taɓa ganin yashin fili ba. A 2005 baƙin wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci sun kalli kokowa a Yamai.

Riba ce babba, ba musu. Amma agogo ba ya jiran makaɗi. Zagayen nan na jinkiri, inda maza biyu ke auna juna suna bin ganga, yanzu in ya yi tsawo gargaɗi yake jawowa. Sai rawar ta ja gefe: ana yin ta wajen shigowa, ana yin ta bayan kaye. Murya irin ta mawaƙi Sagalo ta koma fitowa ta lasifika. Lokacin da Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023, fili ya girgiza da rawa, sai dai bayan an busa usur ne.

A Barazil akasin haka aka yi. Dokar 1890 ta haramta kapowera, faɗan da bayi 'yan Afirka suka raya, kuma kiɗa da waƙa ne suka riƙe shi har ya fito sarari. A 2014 UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya. A Nijar kuwa hukuma rungumar wasan ta yi, rungumar ce ta rage masa rawa. Taikwando ɗin da ya ba ɗan Nijar Alfaga lambar azurfa a Riyo a 2016 ya ja yaran Yamai da yawa, kuma shi da ƙidaya ake koyonsa, ba da ganga ba.

Masu riƙe da tsohon ilimin a fili yau, abin dariya, 'yan cali-cali ne. Tsakanin karawa da karawa sukan fito da tsummoki da layun bogi, su kwaikwayi takon wani zakara, da yadda yake sunkuyawa, da yadda ya sha ƙasa bara, jama'a kuma su kira sunansa tun kafin a faɗa musu ko wane ne.